Dalilin Da Ya Sa Sabon Kwami Kan Kashe Kifi

KIWON kifi a cikin gida ya zama ruwan dare a garuruwan ƙasar nan. Daga Kano zuwa Kaduna, daga Minna zuwa Yola, da wuya a zaga unguwa ba a tarar da gidan da aka gina kwamin siminti a wani lungu, ko aka kafa na tamfol a gindin katanga, an zuba 'ya'yan tarwaɗa ana jiran su girma ba. Ma'aikatan da suka bar aiki sun zuba kuɗin sallamarsu a ciki, matan aure sun sa na adashi, samarin da suka gama makaranta ba su sami aiki ba su ma sun rungumi sana'ar.

Sana'ar kuwa ba yau ta fara ba. Tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato, kuma tun 1968 aka soma aikin binciken tafkin Kainji, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa a Jihar Neja. Abin da ya sauya shi ne, kiwon ya bar hannun gwamnati da manyan gonaki ya shigo tsakar gidajen talakawa, inda babu ma'aikacin kifi a kusa da zai duba ruwa.

To, akwai wata asara da ta ke maimaita kanta a irin waɗannan gidaje. Magidanci zai gama ginin kwami ranar Laraba, ya cika shi da ruwa garai-garai ranar Alhamis, ya sayo 'ya'yan kifi ranar Asabar. Makon farko kifi na ta walwala, suna wawar abinci. Cikin mako na biyu sai su fara ƙin ci, a gan su tsaye cirko-cirko a saman ruwa, kana a wayi gari ana tsintar matattu goma, gobe talatin, jibi hamsin. Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce mai sayar da iri ne ya cuce shi, wani ya ce abincin ne gurɓatacce, wani ma ya ce baki ne ko hassadar maƙwabta. Alhali kuwa sau da yawa laifin yana cikin ruwan da a ke gani tas kamar a sha. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan magana ta fi dacewa da kwamin kifi fiye da ko'ina.

Abin da kifi ke zubarwa

Tushen al'amarin shi ne wani sinadari da masana ke kira naitirojin. Shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da duniya, shi ne kuma abin da manomi ke nema in ya sayi takin yuriya. Duk abincin da ke gina jiki yana ɗauke da shi, abincin tarwaɗa kuwa cike ya ke da sinadarin gina jiki, domin da shi kifi ke yin tsoka.

Sai dai kifi ba ya riƙe duk naitirojin ɗin da ya ci. Abin da ya kan zama tsoka bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran kuwa fitar da shi ya ke yi. Mafi yawansa ya kan fita ne a matsayin amoniya, watau sinadarin nan mai zarnin da ke tashi a makewayi ko a ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba. Kuma ba ta hanyar kashi kaɗai ya ke fita ba. Galibinsa ta matatun numfashin kifi ya ke bi, jajayen nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, ya narke cikin ruwa ba tare da ido ya gani ba. Ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, da kashin kifi, da mataccen kifin da ba a tsame ba, duk su kan ƙara yawan amoniya.

A kogi ko babban tafki wannan ba abin damuwa ba ne, domin ruwa na da yawa, kifi kaɗan ne, ga ciyayi da gansakuka suna zuƙe abin. A kwami kuwa lissafin dabam ne. Masana kiwon kifi sun ƙiyasta cewa kowane kilo guda na abinci ya kan haifar da kimanin giram 30 na amoniya. A ɗauki kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, watau lita 6,000. In kifin da ke ciki sun kai suna cin kilo guda a yini, to, kowace lita za ta sami miligiram 5 na amoniya kullum, alhali abin da a ke so kada ya wuce miligiram 1 zuwa 2. Ke nan in babu abin da ke kawar da shi, yini ɗaya ya isa ruwa ya fara cutar da kifi.

Amoniya na ƙona matatun numfashi, tana hana kifi fitar da wadda ke cikin jininsa, daga bisani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Tarwaɗa ta fi karfasa juriya, don tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama, amma juriya ba ta nufin lafiya. Tarwaɗar da ke zaune cikin irin wannan ruwa ko ba ta mutu ba, ba za ta yi girman kirki ba, kuma ita ce ta farkon kamuwa da cuta.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Allah cikin ikonsa ya halicci wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ake kira bakteriya, da abincinsu shi ne wannan guba. Ƙungiya biyu ne, kuma aikinsu a jere ya ke. Ta farko, wadda fitacciyar cikinta ita ce Nitrosomonas, ta kan ci amoniya ta mayar da ita wani sinadari mai suna naitirayit. Wannan shi ma guba ne, domin ya kan shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Jinin ya kan rine ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali ruwan na da iska isasshiya. Ƙungiya ta biyu, irin su Nitrobacter da Nitrospira, ita ke cin naitirayit ta mayar da shi naitiret, wanda taki ne sosai, kuma kifi na iya zama da shi sai fa in ya taru ainun. Tsirrai su zuƙi naitiret su girma, dabba ta ci tsiro, ta sake fitar da amoniya. Wannan zagaye shi a ke kira kewayen naitirojin.

Yadda aka gano haka yana da darasi ga mai kiwon kifi. A shekarar 1877 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Schloesing da Müntz, sun cika wani dogon bututu da yashi da ɗan farar ƙasa, suka riƙa tsiyaya ruwan kwatami ta cikinsa kullum. Har kwana 20 amoniya na fita ta ƙasa kamar yadda ta shiga. Bayan nan sai naitiret ya fara bayyana, amoniya ta ɓace. Suka ce da a ce yashin ne da kansa ke aikin, da tun ranar farko ya fara, saboda haka lalle wani abu mai rai ne ya ɗauki lokaci yana yaɗuwa. Da suka sa maganin sa barci na kulorofom, aikin ya tsaya cik, da suka zuba ruwan jiƙon ƙasar lambu, ya dawo. A 1890 kuma Sergei Winogradsky, haifaffen birnin Kiev da ke aiki a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya ware ƙwayoyin ya nuna cewa ƙungiya biyu ne.

Ilmin bai tsaya nan ba. A 2005 an gano wata halitta dabam da bakteriya, daga cikin dangin da a ke kira akiya, a wani tankin kifi na birnin Seattle a Amurka, ita ma tana cin amoniya. A 2015 kuma masana a Ostiriya da Holan suka gano cewa wasu nau'o'in Nitrospira na iya yin aikin biyu su kaɗai, kuma na Holan ɗin a matatar ruwan wata gonar kifi suka same su. Amma duk da wannan ƙarin sani, abin da aka gani a 1877 bai sauya ba: sai an jira.

Dalilin jiran shi ne waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin haihuwa. Wasu bakteriyar da ke ruɓar da abinci su kan ninka yawansu cikin minti 20, su kuwa waɗannan su kan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci yini guda ko fiye. Sabon kwami kuwa tamkar sabon gari ne da mutane suka tare kafin a ɗauki masu shara. A ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, a kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Amoniya ce ke fara hauhawa a mako na farko da na biyu. Tana fara sauka sai naitirayit ya hau, kuma shi ya fi daɗewa, domin ƙungiya ta biyu ba ta samun abinci sai ta farko ta yi aiki. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ga mutuwa ta lafa su ƙara abinci, sai guba ta biyu ta kwashe sauran. Da hunturu, sa'ad da ruwa ke yin sanyi ƙwarai da dare, jiran na iya kaiwa wata biyu.

Siminti da ruwan famfo

Kafin a zo maganar rainon ƙwayoyin, akwai abubuwa biyu da ya wajaba a kawar. Na farko shi ne kaifin sabon siminti. Masana na auna tsami da kaifin ruwa da wani ma'auni da a ke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami, sama da ita kaifi irin na kanwa da toka. Sabon siminti ya kan ɗaga ruwa har ya haura 10, abin da shi kaɗai ya isa ya kashe 'ya'yan kifi.

Bugu da ƙari, kaifin ruwa shi ke wasa wuƙar amoniya. A ɗumin digiri 25, in ma'aunin na kan 7, ɓangaren amoniyar da ke da guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya haura kashi 5, a kan 9 kuwa ya zarce kashi ɗaya cikin uku. Watau amoniyar da kifi zai jure a wani kwami, ita ce za ta kashe shi a wani. Saboda haka dole a cika sabon kwami da ruwa a bar shi kwanaki, a goge bangon, a zubar, a sake cikawa, har sai ma'auni ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Dabarar da masu kiwo suka saba yi ta jiƙa buhun kashin kaji da busasshen ganyen ayaba a ciki har mako biyu tana da tushe, domin ruɓewar na rage kaifin, kuma tana fara ciyar da ƙwayoyin da a ke nema.

Na biyu shi ne ruwan kansa. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin da aka sa don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambanta mugu da nagari. Sai a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya yini kafin a zuba. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala, amma ya kan zo da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya zubo daga bisa yana fantsama. Rijiyar da ke kusa da masai kuwa ta kan zo da tata amoniyar, ya kamata a gwada ta tun da fari.

Yadda a ke rainon ƙwayoyin

Waɗannan ƙwayoyi ba sa son yawo cikin ruwa. Mannewa su ke yi a jikin abu, su yi wani siririn yauƙi. Bangon kwami kaɗai ba ya isarsu in kifi na da yawa, shi ya sa a ke yi musu gida, watau matata. Ana iya yin ta da gangar roba. Inda ruwa ke shiga a sa soso ko tsohuwar raga don tare datti, bayansa a zuba tsakuwa wankakkiya, ko fasassun tukwanen ƙasa, ko murafen gorunan roba. Ƙaramin injin tura ruwa ya ɗebo daga kwami ya zuba a ganga, ruwan ya ratsa ya koma. A rufe gangar daga hasken rana, amma a bar iska na shiga, domin kowane giram na amoniya da su ke sarrafawa ya kan ci fiye da giram 4 na oksijin.

Hanya mafi aminci ita ce a raini matatar tun kafin a kawo kifi. A riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum ya ruɓe, ko a rataya ƙaramin ƙunshin kashin kaji, har gwaji ya nuna amoniya ta kai miligiram 2 zuwa 3 a lita. Ana sayar da kayan gwajin ruwa a shagunan kayan kiwon kifi, 'yan kwalabe ne da a ke ɗiga ruwansu cikin samfur a gwada launin da takarda. A riƙa gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku, ana rubutawa a littafi. Ranar da amoniyar da aka sa ta ɓace cikin awa 24, naitirayit ma ya zama babu, ga naitiret ya bayyana, to, ranar kwami ya nuna. Sai a sauya rabin ruwan a kawo kifi.

Mai son rage jira sai ya roƙi ɗan iri, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon kindirmo cikin sabuwar madara. Ɗan tsakuwa ko soso daga matatar wani tsohon kwami mai lafiya, in an kawo shi a jiƙe ba tare da ɓata lokaci ba, ya kan rage jiran ƙwarai. Amma a tabbata kifin wurin ba su da cuta, kada garin neman gira a rasa ido.

Wanda ya riga ya zuba kifi kuwa, sai ya riƙe hannu wajen abinci. Sa'arsa ita ce 'ya'yan kifi ba sa cin da yawa, saboda haka in an ba su daidai abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, ana ƙarawa sannu a hankali, ƙwayoyin za su riƙa yaɗuwa tare da girman kifin.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin masu kiwon tarwaɗa a kwamin siminti ba su da matata, sauya ruwa su ke yi kullum ko bayan kwana biyu. Wannan ma hanya ce, kuma tana aiki ga mai wadatar ruwa. Amma kuɗin man janareta da wahalar ruwa a watannin bazara su kan cinye ribar, kuma ranar da ruwa ya yanke babu abin da ke tsakanin kifi da guba. Mai kududdufin ƙasa shi kuma gansakuka ce ke zuƙe masa yawancin amoniyar, sai dai ya sani koren ruwa ya kan ƙara kaifi da la'asar, lokacin da gubar ta fi ƙarfi.

In abu ya ɓaci

In aka ga kifi sun ƙi abinci, suna tsaye a saman ruwa ba sa nutsewa, abu na farko shi ne a daina ba su abinci na yini ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa. Na biyu, a zubar da kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan daga ƙasa inda datti ya kwanta, a maye da sabo wanda ya huce. Na uku, a duba matatun numfashin wanda ya mutu yanzu-yanzu. In sun yi ruwan ƙasa maimakon ja, naitirayit ne, maganinsa kuwa gishirin girki, domin sinadarin kuloraid da ke cikinsa na tare ƙofar da gubar ke bi ta shiga jini. Masu kiwon tarwaɗa a kudancin Amurka sun daɗe suna bin ƙa'idar kashi 10 na kuloraid ga kashi 1 na naitirayit. A kwami mai lita 6,000, wannan ya kama kimanin giram 100 na gishiri ga kowane miligiram 1 da gwaji ya nuna, kuma a sake sawa gwargwado bayan an sauya ruwa.

Abin da ba a so shi ne a ruga kanti a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a juye cikin kwami, kamar yadda wasu ke yi. Ba ya taɓa gubar, sai dai ya kashe ma'aikatan da ke kawar da ita. Haka nan kada a zuba kanwa ko toka, domin za su ƙara wa amoniya kaifi.

Ko bayan kwami ya nuna, ana iya rushe aikin wata guda cikin awa guda. Wanke matata da ruwan famfo ko sabulu na kashe ƙwayoyin, don haka a ɗauraye ta a hankali cikin bokitin ruwan kwami, rabi yau rabi wani makon. Barin ta ta bushe ma haka ne. In wuta ta ɗauke injin ya tsaya na awoyi da yawa, iskar cikin ganga ta kan ƙare, sai a riƙa ɗiban ruwa da bokiti ana kwarara mata lokaci-lokaci. Har ila yau aikin ƙwayoyin na sa ruwa ya riƙa tsami a hankali, kuma in ma'auni ya gangara kusa da 6 su kan yi sanyi. Ɗan buhun ɓawon kawa, irin wanda a ke haɗa wa kajin ƙwai a abinci, in an ajiye shi cikin matata, ya kan narke sannu-sannu ya daidaita ruwan.

Saura naitiret, wanda ke taruwa kullum. Ana rage shi ta sauya ɗan ruwa kowane mako, kuma wannan ruwa bai kamata ya bi kwata ya dami maƙwabta ba, domin taki ne narkakke. Alayyafo da latas da tumatir da zogale da ayaba duk suna marhabin da shi, kuma gidan da ya haɗa kwami da ɗan lambu ya sami kifi ya sami ganyen miya da ruwa guda.

Masu niyyar shiga wannan sana'a ya kamata su tuntuɓi sashen kifi na Ma'aikatar Gona ta jiharsu tun kafin su sayi bulo, su kuma sa kuɗin kayan gwajin ruwa cikin lissafin jari, domin bai kai kuɗin kifin da a ke asara cikin dare ɗaya ba. Su kuma masu ƙyanƙyasar iri, haƙƙi ne a kansu su tambayi mai saye kwanan kwaminsa nawa da ruwa kafin su ƙirga masa kifi. Mako shida na jira ba kome ba ne a kan jarin da mutum ya shekara yana tarawa, kuma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.